Toshe Manhajar Hira a Ofis: An Rufe Ƙofa, Zance Ya Koma Aljihu

A watan Janairun 2017 bankin Deutsche Bank na Jamus ya sanar da ma'aikatansa cewa an gama da saƙon tes da WhatsApp da iMessage a wayoyin da banki ya raba musu. Ba jan kunne aka yi ba, kashe hanyoyin aka yi daga sama, yadda ko mutum ya so aikawa ba zai iya ba. Dalilin da aka bayar ba shi da aibu a ido: doka ta wajabta wa banki adana duk maganar da ta shafi ciniki, su kuwa waɗannan manhajoji ba sa bar masa kwafin abin da aka faɗa.

Bayan shekara biyar da wata takwas, ranar 27 ga Satumban 2022, hukumomi biyu na Amurka suka ci wannan banki tarar dala miliyan 200. Laifinsa shi ne ma'aikatansa, manya da ƙanana, sun yi ta ƙulla harkar kuɗi ta saƙonni a wayoyinsu na kansu, ba a adana komai ba. Tsawon lokacin da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, wato SEC, ta bincika, daga Janairun 2018 zuwa Satumban 2021, gaba ɗayansa ya faɗo ne bayan an kafa dokar hanin. An toshe, an kuma rubuta a takarda cewa an toshe. Zancen dai bai mutu ba, ƙaura ya yi daga tebur zuwa aljihu.

Duk da haka ra'ayin da ke da rinjaye a ofisoshi bai gusa ba. Manaja ya zagaya ya ga ma'aikaci yana murmushi shi kaɗai a gaban kwamfuta, sai ya koma kujerarsa ya kira mai kula da kwamfutoci: "Injiniya, a toshe mini duk wata manhajar hira a wannan gida." Injiniya ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Kafin a tashi aiki an rufe, washegari a taron shugabanni a ba da rahoton an magance matsala. Hujjojin uku ne, ba sa canzawa: hira tana cin lokacin aiki, tana shigo da cutar kwamfuta, tana fitar da sirrin kamfani. Dukkansu damuwa ce ta gaskiya. Maganin ne abin ja, domin kusan shekara talatin ke nan ana gwada shi, kuma babban abin da ya haifar shi ne makanta ga shi kansa mai toshewar.

Kokawar ta faro tun intanet na shigowa ofisoshi. Manhajar hira ta ICQ ta fito a 1996 daga wani ƙaramin kamfani na Isra'ila, AIM ta kamfanin AOL ta biyo a 1997, ta Yahoo a 1998, MSN Messenger ta Microsoft a 1999. A farko toshe su ba wuya. Sadarwar kwamfuta tana bi ne ta ƙofofi masu lamba, kowace manhaja da ƙofar da ta saba: AIM ta 5190, MSN ta 1863, Yahoo ta 5050. Injiniya ya je ga katangar tsaron ofis, wadda ke tace abin da ke shiga da fita, ya rufe waɗannan lambobi, shi ke nan. Sai masu ƙera manhajojin suka koya musu dabara, in suka tarar da ƙofarsu a rufe su bi ta 80, ƙofar da shafukan intanet ke bi. Ita kuwa ba mai rufe ta sai wanda ya yarda ya yanke wa ofis intanet baki ɗaya.

Aka sauya salo. Tun daga Windows 2000 Microsoft ta ba masu kula da kwamfutocin ofis wani tsari mai suna Group Policy, wanda mutum ɗaya zai zauna a kujerarsa ya shimfiɗa doka da shi a kan kwamfuta dubu. A cikinsa har da umarni na musamman na hana Windows Messenger tashi. Windows XP ta zo da hanyar hana manhaja aiki ta wurin da aka ajiye ta ko ta tambarin fayil ɗinta, Windows 7 ta ƙara da AppLocker. Kayan aiki ne masu kyau, ba a raina su. Amma a 2005 aka buɗe Meebo, shafin da mutum zai shiga ya yi hirarsa ta AIM da Yahoo da MSN ba tare da ya saka komai a kwamfuta ba. Skype kuma, wadda ta fito a 2003, tun asali an gina ta da sanin yadda za ta silale ta cikin katangar tsaro, ta kuwa hana injiniyoyi barci shekara da shekaru. A toshe shafi yau, gobe ma'aikata sun gano wani da ke ɗauko musu shi ta bayan gida.

Duk wannan an yi shi ne lokacin da kwamfutar ofis ce kaɗai tagar ma'aikaci zuwa intanet. Wannan zamani ya wuce. WhatsApp ta fito a 2009, ba kuma a kwamfuta ta zauna ba, a waya ta zauna, wayar da ma'aikaci ya saya da guminsa, yake sa mata data da kuɗinsa, take magana da turken kamfanin sadarwa ba ruwanta da igiyar intanet ɗin ofis. Group Policy ba ta da iko a kanta ko na ƙwayar zarra. Tun Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa, a Nuwamban 2020 kuma aka ƙara saƙon da ke goge kansa. Injiniyan da ya toshe WhatsApp Web a kwamfutar ofis a yau abu ɗaya ya cim ma: ya ɗauke zancen daga na'urar da yake da iko da ita, ya miƙa shi ga wadda ba zai taɓa gani ba. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Wanda ke ganin wannan muhawara ce ta masana kawai, ya dubi kuɗin da aka biya. A Disambar 2021 JPMorgan, banki mafi girma a Amurka, ya biya dala miliyan 200, wato miliyan 125 ga SEC da miliyan 75 ga CFTC, hukumar da ke sa ido kan cinikin alƙawarin kaya na gaba. A hukuncin Satumban 2022 Deutsche Bank ba shi kaɗai ba ne. Goldman Sachs, Morgan Stanley, Citigroup, Barclays, Bank of America, UBS da Credit Suisse duk suna sahu, jimillar tarar ta haura dala biliyan 1.8. A Agustan 2023 aka sake kama wani rukuni, Wells Fargo da BNP Paribas na ciki, suka biya dala miliyan 549. A cikin watan dai hukumar makamashi ta Birtaniya, Ofgem, ta ci Morgan Stanley tarar fam miliyan 5.41 saboda dillalansa na makamashi sun riƙa tattauna ciniki ta WhatsApp a wayoyinsu.

Waɗannan kamfanoni ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa injiniyoyi ba, ba su kuma rasa doka ba. Ofgem ma ta faɗa a fili cewa Morgan Stanley yana da dokar hana WhatsApp, tabbatar da ana bin ta ne ya gagare shi. In bankin da ke zuba biliyoyin daloli a fasaha duk shekara bai iya kashe zance ta hanyar hani ba, da me ofishin da injiniya ɗaya ke riƙe da komai nasa zai yi?

Akwai wani abu a hukuncin JPMorgan da ya kamata kowane shugaba ya tsaya a kansa. SEC ta gano cewa masu karya dokar sun haɗa da manyan daraktoci da masu sa ido, wato mutanen da aka ɗora wa alhakin ganin ana bin ta. Nan gizo ke saƙa. Dokar toshewa daga sama take saukowa, a kan na ƙasa take faɗawa. Akawu da sakatariya da mai karɓar baƙi su ne kwamfutarsu ke ƙin buɗewa, shi kuwa maigida da ƙarfe goma na dare yana turo umarni ta WhatsApp, yana kuma jiran amsa kafin ya kwanta. Ƙaramin ma'aikaci ne zai ce wa daraktansa, "Yallaɓai, doka ta hana in amsa maka ta nan"? Ba zai faɗa ba, kuma babu mai adalcin da zai ga laifinsa. Haka abin yake da abokin ciniki. In attajirin da banki ke cin riba a jikinsa ya turo tambaya ta waya, dillali zai amsa ta inda tambayar ta shigo, don ya san in ya tsaya neman hanyar da aka amince da ita, dillalin wani bankin ya riga shi. An bar ma'aikaci tsakanin saɓa doka da rasa abincinsa, sannan ranar da asiri ya tonu shi za a fara nunawa da yatsa.

Ba ga 'yan kasuwa abin ya tsaya ba. A Maris ɗin 2025 mashawarcin shugaban Amurka kan tsaro na lokacin, Mike Waltz, ya buɗe zauren hira a manhajar Signal don tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi a Yemen, ya saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, a ciki bisa kuskure. Sakataren tsaro Pete Hegseth ya rubuta lokutan tashin jiragen yaƙi a zauren, ɗan jarida na karantawa. Waɗannan mutane suna da hanyoyin sadarwa na sirri da samun irinsu sai an tona, amma shiga su sai an je ɗaki na musamman ko an ɗauko na'ura ta musamman, waya kuwa ga ta a hannu. A Birtaniya ma, kwamitin da ya binciki yadda gwamnati ta tunkari annobar korona ya tarar manyan maganganu sun bi ta WhatsApp. Saƙonni kusan 5,000 na tsohon Firayim Minista Boris Johnson, na watannin farkon annobar, ba a same su ba. Na tsohon ministan lafiya Matt Hancock kuwa, sama da 100,000, jaridar Daily Telegraph ce ta baje su a Maris ɗin 2023, ta hannun 'yar jaridar da ya damƙa wa su don ta taya shi rubuta littafi. Na wancan sun ɓace, na wannan sun fallasa, kuma tushen abu ɗaya ne: maganar hukuma ta zauna inda hukuma ba ta da mabuɗi.

Mai ja zai ce ai waɗannan rashin ɗa'a ne, ba toshewa ce ta jawo su ba. To, amma sun nuna inda zance ke kwarara duk lokacin da hanyar hukuma ta fi ta aljihu wahala. Toshewa kuwa aikinta ke nan, ƙara wa hanyar hukuma wahala.

Hujjar sirri ita ce mafi nauyi a cikin ukun, ita ce kuma tarihi ya fi juya wa baya. Tsakanin Disambar 2007 da Janairun 2013, wasu dillalan canjin kuɗi na manyan bankuna suna da zauren hira da suke kira The Cartel, inda suke haɗa baki su karkatar da farashin dala da yuro. A Nuwamban 2014 hukumar FCA ta Birtaniya ta ci bankuna biyar tarar fam biliyan 1.1 kan badaƙalar canjin kuɗi, a Mayun 2015 kuma Citicorp da JPMorgan da Barclays da RBS suka amsa laifi a Amurka. Me ya kama su? Hirar tasu. A na'urorin aiki suka yi ta, inda ake adana kowace kalma da ranarta da sa'arta, masu bincike suka zauna suka karanta layi bayan layi. Darasin da bankuna da yawa suka ɗauka shi ne rufe zaurukan da ke haɗa dillalan bankuna daban-daban, abin da suka shiga yi tun 2013. Ba a yi shekara goma ba sai ga SEC tana neman saƙonni a bincikenta ana rasa su, suna wayoyin mutane, har ta rubuta a hukuncin JPMorgan cewa hakan ya hana ma'aikatanta samun shaida a kan lokaci. Zauren da ake adanawa ya tona asirin maƙarƙashiya ta biliyoyin daloli. Wanda ke aljihu kuwa ba wanda ya san abin da aka ƙulla a cikinsa.

A sauko da maganar ƙasa, zuwa ofishin da ba ya cinikin biliyoyi. Mai niyyar fitar da sirri ba ya buƙatar manhaja a kwamfutar aiki, kyamarar wayarsa ta ishe shi, cikin ƙiftawar ido ya ɗauki hoton allo. Toshewa ba ta taɓa shi. Wanda take taɓawa shi ne mai gaskiyar da ke son tura wa abokin aikinsa takarda da gaggawa. Shi ma yanzu sai ya ɗauki hotonta da waya ya tura. Hoton ya zauna tare da hotunan biki da na suna, ya hau ma'ajiyar Google ko iCloud, yara su ɗauki wayar da daddare su yi wasa da ita, in mutumin ya bar aiki takardar ta bi shi. Dokar da aka kafa don tsare sirri ita ce ke koya wa mutanen kirki hanyar da sirri ke fita.

Abin da ya faru a hukumar asibitocin NHS Lanarkshire ta Scotland ya isa misali. Tsakanin Afrilun 2020 da Afrilun 2022 ma'aikata 26 suna da zauren WhatsApp da suka saka bayanan marasa lafiya a ciki fiye da sau 500: sunaye, lambobin waya, adireshi, hotuna da bidiyo. Har aka saka wani da ba ma'aikaci ba bisa kuskure. Hukumar ba ta amince da WhatsApp don bayanan majinyata ba, ba ta ma san ana yi ba. Su ma'aikatan ba ɓarayi ba ne, mutane ne da annoba ta raba su da juna, ga majinyata a gabansu, suka kama abin da ke hannu. Da hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ta tsawatar a 2023, cikin shawarwarinta har da a duba samar musu da amintacciyar hanyar aika hotunan asibiti. Wato ta gane cewa buƙata ce ta kai su can, kuma muddin buƙatar na nan, hani ba zai dawo da su ba.

Hujjar ɓata lokaci ba ta cancanci dogon bayani ba. Mai zaman banza ya girmi kwamfuta. Kafin ta zo yana karanta jarida, yana zagayen ofisoshi da sunan gaisuwa, yana fita sallar azahar ya dawo bayan la'asar. A 2007 masana biyu a Amurka, Kelly Garrett da James Danziger, sun wallafa binciken da ya nuna masu amfani da saƙon nan-take a wurin aiki sun fi ba da rahoton ƙarancin katse musu aiki, domin tambayar da za ta sa a buga waya ko a tsaya wa mutum a ka, layi ɗaya ke kashe ta. Shugaban da bai iya gane an yi aiki ko ba a yi ba sai ya leƙa allon ma'aikaci, matsalarsa ba ta injiniya ba ce. Bai yanka wa kowa aikinsa ba, bai sa ranar karɓa ba, shi ya sa yake auna zama maimakon ya auna abin da aka gama. Ya toshe duk manhajojin duniya, malalaci zai ci gaba da lalacinsa da waya a ƙarƙashin tebur.

Cutar kwamfuta kam gaskiya ce. A Afrilun 2005 kamfanin Reuters ya rufe hanyarsa ta saƙon nan-take saboda wata cuta mai suna Kelvir da ke yaɗuwa ta hanyar tura wa mutane adireshin shafi na yaudara. Amma rufewar ta ɗan lokaci ce, ya gyara ya sake buɗewa. Imel ya fi kowace manhajar hira shigo da irin wannan masifa, ba a kuwa kashe imel saboda haka. Tace shi ake yi, a binciki abin da aka liƙa masa, a koya wa ma'aikata gane saƙon 'yan damfara. Akwai kuma wuraren da toshewa ta dace ba musu: kwamfutar da ake biyan albashi da ita, na'urar da ke sarrafa injinan tashar lantarki, ɗakin jarrabawar JAMB. Abin da ya haɗa su shi ne na'urar aiki ɗaya take yi, aikin ba ya buƙatar hira, a ɗakin jarrabawa ma har wayar ake karɓewa a ƙofa. Kuskuren shi ne a ɗauki dokar ɗakin jarrabawa a shimfiɗa ta kan ofishin da rabin aikinsa magana ce da mutane.

Su kansu kamfanonin duniya sun ba da amsa da aljihunsu. Abin da suka yi shekaru suna yaƙa, yau saye suke yi. Goldman Sachs ya jagoranci wasu bankuna suka kafa manhajar hira ta Symphony a 2014, Microsoft ta fito da Teams a 2017, Salesforce ya sayi Slack a kan dala biliyan 27.7. Tsofaffin manhajojin sun mutu, AIM a Disambar 2017, Yahoo Messenger a Yulin 2018, ICQ a Yunin 2024, Skype a Mayun 2025, amma ba katangar wani ofis ce ta kashe su ba, waɗanda suka fi su sauƙi ne suka ture su.

Abin yi a bayyane yake, sai dai ya fi ba injiniya umarni tsada da wahala. A ba ma'aikata hanyar hira ta aiki wadda ke tafiya a kwamfuta da waya, wadda ba ta fi WhatsApp wuya ba, wadda abokin ciniki na waje zai iya samunsu ta cikinta, a kuma adana abin da ya bi ta ciki. Sannan a fara hukunci daga sama. A farkon 2023 Morgan Stanley ya zaftare wa ma'aikatansa da suka karya doka kuɗi, daga 'yan dubbai har sama da dala miliyan ɗaya, kuma girman muƙamin mutum na cikin abin da aka duba wajen yanke masa. Shi kansa Deutsche Bank, wanda ya kashe komai a 2017, ya dawo a 2022 yana sa ma'aikatansa saka wata manhaja mai suna Movius da ke adana saƙonninsu na aiki. Majalisar Wakilan Amurka da ta haramta WhatsApp a na'urorin ma'aikatanta a Yunin 2025, aƙalla ta lissafa musu waɗanda za su koma, Teams da Signal na ciki. Hani da aka haɗa da madadi wani abu ne daban da hani tsurarsa.

Sai dai adanawa ba lasisin leƙen asiri ba ce, kuma a nan wajibi ne a tsaya wa ma'aikaci. Wani injiniya a Romaniya, Bogdan Barbulescu, kamfaninsa ne ya sa shi buɗe Yahoo Messenger don amsa wa abokan ciniki. A 2007 aka ajiye masa shafi 45 na hirarsa, har da ta ɗan'uwansa da ta budurwarsa kan al'amuran lafiya da na sirri, aka kore shi. Shekara goma yana shari'a. Ranar 5 ga Satumban 2017 babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, da rinjayen alƙalai 11 a kan 6, ya yanke cewa an tauye masa haƙƙi, domin kotunan ƙasarsa ba su tantance ko an sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi masa da iyakarsa ba. Ma'aikaci ya cancanci a gaya masa a fili, kafin ya rubuta kalma ɗaya, me ake adanawa, wa zai karanta, a wane hali. In aka yi masa a ɓoye, ranar da ya gano zai koma wayarsa, an dawo 'yar gidan jiya.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan darasi. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta toshe Twitter da dukkan ƙarfin kamfanonin sadarwa, abin da mutane da dama suka koya a lokacin shi ne saka VPN. Abin da gwamnati ba ta iya ba a faɗin ƙasa, manaja ba zai iya shi a hawa biyu na gini ba. Kuma duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar gwamnati ko banki ko makaranta ko ƙungiyar agaji a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san inda aikin yake tafiya: zauren shugabanni, zauren sashe, zauren kwamiti, sanarwar taro, hoton takardar amincewa, saƙon murya na darakta. Ga Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni alhakin bayanan mutanen da ke hannunsu. Ofishin da ya toshe hira a kwamfutocinsa ya bar aikinsa a wayoyin ma'aikata bai kusanci ko ɗaya daga cikin dokokin biyu ba, nesa ya ƙara yi da su.

Ranar da abin ke fitowa fili ita ce ranar da aka yi wa jami'i canjin wurin aiki. Zai miƙa mabuɗin ofis, ya miƙa fayiloli, ya rubuta takardar miƙa aiki shafi uku, ya sa wayarsa a aljihu ya tafi. Bayan wata shida mai binciken kuɗi ya zo ya buɗe fayil ya ga an biya ɗan kwangila, ya tambayi akawu, "Malam, wa ya ba da izinin wannan?" Akawu ya ce darakta ne, ta WhatsApp. A nemi saƙon, a tarar akawu ya sauya waya bayan an sace tsohuwar, darakta kuwa saƙonninsa na goge kansu bayan kwana bakwai. Kwamfutar da ke kan teburin akawun tana nan garau, an toshe mata komai tun bara, babu ko layi ɗaya a cikinta da zai wanke shi.